Gogewar da Ta Wuce Kima: Kalmar "Slick" da Matsalar Fassara Ta Zuwa Hausa

1.0 Gabatarwa

A kowane harshe akan sami wasu 'yan kalmomi da ba su da wuyar furuci ko rubutu, amma sun fi manyan kalmomin kimiyya wahalar da mai fassara. Kalmar kimiyya abu guda take nufi, da zarar masana sun zauna sun sama mata madadi, an huta ke nan. Su kuwa waɗannan, tafe suke da yabo, goye da zambo, kuma wanda ya furta su so yake a ji duka biyun a lokaci ɗaya. Daga cikinsu akwai kalmar Ingilishi "slick", wadda Turawa ke siffanta mutum ko magana ko wani aiki da ita idan gogewarsa ta yi yawa har ta fara sa wa mai kallo zargi.

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba ma'anar wannan kalma, sannan ta nuna yadda rabin ma'anar kan salwanta idan aka juya ta zuwa Hausa, musamman a birnin Abuja inda aikin fassarar labarai da jawaban hukuma ya tattaru. Ra'ayin da za a kare shi ne, Hausa ba ta buƙatar aro ko ƙirƙirar sabuwar kalma domin wannan aiki. Tana da abin yi, sai dai ba a jerin sifofi ta ajiye shi ba, inda masu fassara suka saba nema.

2.0 Asalin Kalmar da Yaɗuwar Ma'anarta

Tushen kalmar na komawa ne ga wani aikatau na tsohon Ingilishi mai nufin a goge abu ya yi sumul. Tana da 'yar'uwa, wato "sleek", wadda daga jikinta ta fita. Abin sha'awa shi ne yadda 'yan'uwan biyu suka raba gado: ƙanwar ta tafi da kyau zalla, kamar na gashin doki mai ƙoshi ko na sabuwar mota, ita kuwa yayar ta riƙe kyan tare da zargin da ke biye da shi.

A ma'anarta ta zahiri, santsi take nufi. Titin da ruwa ya jiƙa ana kiran sa da ita. Haka ma malalar ɗanyen mai a kan teku, irin wadda aka gani a rijiyar Bonga a watan Disamba na 2011. Tayoyin motocin tsere waɗanda ba su da zane ko kaɗan su ma sunansu ke nan. Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne rashin wurin kamawa: hannu ko ƙafa ko ido ya sauka a kai, ya zame. Daga nan ne ma'anar ta ƙaura zuwa ga ɗan Adam. Mutumin da aka kira da wannan sifa ya iya aikinsa, ba mai musun haka, amma ba a samun inda za a riƙe shi. Ba ya in-ina, ba ya tuntuɓe, amsarsa a shirye take tun kafin a gama tambaya, kuma wannan shirin ne ke sa a ce anya.

Amurkawa ne suka fi renon wannan ma'ana ta biyu. A 1836 wani alƙali ɗan yankin Nova Scotia na Kanada, Thomas Chandler Haliburton, ya fitar da littafinsa The Clockmaker, wanda tauraronsa, Sam Slick, ɗan tallar agogo ne mai sayar da hajarsa da daɗin baki. A rabin farko na ƙarni na 20 kuma, da wannan kalma ake kiran mujallun da ake bugawa a takarda mai sheƙi, irin su Saturday Evening Post, domin a bambanta su da masu araha da ake bugawa a takarda mai kaushi. Daga nan masu sharhin adabi suka ɗauke ta suna jifan labarin da aka tsara tsaf domin kasuwa, wanda ba aibi a jikinsa kuma ba rai. A fagen siyasa, wani ɗan jarida na jihar Arkansas mai suna Paul Greenberg ya laƙaba wa Bill Clinton "Slick Willie" a 1980, lokacin yana gwamna, laƙabin kuma ya bi shi har fadar shugaban ƙasa. Wannan dai Clinton ne ya zo Abuja a watan Agusta na 2000 har ya leƙa ƙauyen Ushafa. Abin lura shi ne, Greenberg bai ce da shi maƙaryaci ba, kuma bai ce da shi gwani ba. Ya zaɓi kalmar da ta zauna a tsakani, wadda ba za a kai shi kotu a kanta ba, amma kowa ya ji cizonta.

3.0 Me Ya Sa Abuja?

Abuja birni ne da aka fara zanawa a takarda kafin a kafa tubali. Dokar soja mai lamba 6 ta 1976 ce ta ƙirƙiro yankin, kamfanin International Planning Associates ya miƙa taswirar birnin a 1979, gwamnati kuma ta taso daga Ikko a ranar 12 ga Disamba, 1991. Hatta sunan ma aro shi aka yi daga tsohuwar masarautar Abuja, wadda ta koma Suleja. Garin da aka gina domin ya zama fuskar ƙasa dole ya damu da yadda ake ganin sa, kuma sana'ar gyaran fuska ta kafu a cikinsa: masu magana da yawun hukumomi, kamfanonin hulɗa da jama'a, masu tsara yaƙin neman zaɓe, da masu buga kundayen manufofi a takarda mai nauyi. A nan aka yi shirin Hangen 2010 a zamanin Janar Sani Abacha, a nan kuma Farfesa Dora Akunyili ta ƙaddamar da shirin gyara sunan Nijeriya a 2009. Mu da aiki ya raba da gida ya ajiye a Gwagwalada, mun san cewa mafi yawan waɗanda ke share tituna da ofisoshin Maitama da Asokoro daga Nyanya da Mararaba da Suleja suke yin sammako.

Ta fuskar harshe, abin da ya shafe mu shi ne, kusan duk abin da ke fita daga waɗannan ofisoshi da Turanci ake rubuta shi, sharhin da 'yan jarida ke yi a kansa ma da Turanci, sannan a juya duka zuwa Hausa cikin 'yan sa'o'i domin gidajen rediyo da jaridu da shafukan intanet. Manomin da ke sauraro a Ɗanja ko Illela bai ga ainihin rubutun ba. Abin da mai fassara ya ba shi, shi ke nan abin da ya samu. Idan mai sharhi ya saka shakka a cikin kalma guda, mai fassara kuma ya tace ta ya zubar, to an sauya wa mai sauraro hukunci ba tare da ya sani ba.

4.0 Kurakurai Biyu

Jimlolin da ke tafe ni na gina su domin misali, bisa irin abin da kunne ya saba ji, ba daga wata kafa aka ɗauko su ba.

(1) The party ran a slick campaign.
a. Jam'iyyar ta gudanar da yaƙin neman zaɓenta cikin ƙwarewa.
b. Jam'iyyar ta gudanar da yaƙin neman zaɓe na yaudara.

Fassara ta (a) ita ce ta fi yawa, kuma ita ce ta fi haɗari domin ba ta da alamar kuskure. Hausarta daidai ce, ta kuma ɗauko wani yanki na gaskiyar ma'anar. Amma wanda ya rubuta jimlar Turancin yana ɗaga gira ne, mai fassara kuwa ya mayar da shi maroƙin jam'iyya. Fassara ta (b) ta faɗa ɗaya ramin: ta ɗora wa marubuci zargin da bai yi ba. Yaudara laifi ce da ake iya neman hujja a kanta, kuma gidan jaridar da ya furta ta zai iya samun kansa a gaban alƙali.

Akwai kuskure na uku da ɗalibai suka fi yi, wato su ce "yaƙin neman zaɓe mai santsi". Wannan fassarar kalma da kalma ce, kuma Bahaushe ba zai fahimci komai daga gare ta ba. Santsi da sulɓi a Hausa sun fi zama a ma'anarsu ta zahiri, ta laka da sabulu da jikin tarwaɗa. Inda Hausa ta ɗauki yanayin taɓawa ta siffanta hali da shi, kamar a kalmar "yauƙi", wani abu dabam ta nufa. Yauƙin miyar kuɓewa ya zama yauƙin budurwa, wato jan jiki da yanga da rashin hanzari, alhali kalmar da muke nazari sauri da zamewa take nunawa.

Ba laifin ƙamus ba ne kacokan. Ƙamusoshi masu harshe biyu, tun daga na Skinner (1965) zuwa na Roxana Ma Newman (1990), aikinsu shi ne jera madadai, ba su da filin koya wa mutum inda ake ɗaga gira. Haka kuma ƙoƙarin da Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Ƙasa, wadda hedkwatarta ke Sheda a nan yankin Abuja, ta yi wajen samar da keɓaɓɓun kalmomi, kamar littafin da Ɗalhatu Muhammad (1990) ya tace, ya fuskanci kalmomin fannoni ne. Kalmomin hukunci irin wannan wani sha'ani ne na dabam, kuma kwamiti ba ya warware shi.

5.0 Abin da Hausa Ta Tanada

Mafari mai kyau shi ne aikatau "goge". Kamar yadda Turawa suka ɗauki gugar ƙarfe da katako suka siffanta wayewar mutum da ita, haka Hausa ta yi: mutum yakan goge, ya zama gogagge. Sai dai nauyin wannan sifa yana ga sunan da ya biyo ta. "Gogaggen malami" yabo ne tsantsa. "Gogaggen ɗan siyasa" ma yabo ne a bakin mafi yawan mutane. Sai an ce "gogaggen ɗan duniya" ko "gogaggen ɗan bariki" sannan zargi ke shigowa, kuma a nan daga "duniya" da "bariki" ya fito, ba daga gugar ba. Saboda haka wanda ya fassara "a slick lawyer" da "gogaggen lauya" ya koma kuskuren (1a). "Lauya ne ɗan duniya" ta fi kusa, ko kuwa "lauya ne mai wuyar kamu". Ga ɗan kasuwa ko dillali kuwa muna da "ɗan birni", wadda ta yi daidai ƙwarai da abin da Amurkawa ke nufi da "city slicker", domin duka biyun daga bakin mutumin karkara suka fito, wanda aka taɓa yi wa wayo a tasha.

Idan magana ce ake siffantawa, Hausa takan bar fata ta koma harshe. Inda Bature ke jin santsi, Bahaushe ɗanɗano yake ji: zaƙin baki, daɗin baki, romon baka, ƙara gishiri. "Romon baka" ta fi sauran kaifi, domin romo yana da ƙamshin nama amma ba tsoka a ciki. Sai dai duk waɗannan sun karkata ga alkawarin da ba za a cika ba da lallashin da ke da wata manufa. Ba su ɗauke da yabon gwaninta sosai.

Akwai kuma rukunin kalmomin da suka shafi nuna kai: iyayi, feleƙe, sanabe, ƙaƙale, ƙwalisa, da baƙuwarsu "gayu", wadda ake ganin daga "guy" ta Ingilishi ta samo asali. Masu fassara kan yi saurin kai hannu nan, amma akwai bambanci mai muhimmanci. Mai iyayi da mai ƙaƙale ana ganin wahalarsu. Ƙoƙarinsu a fili yake, shi ya sa suke ba da dariya ko haushi. Wanda ake kira "slick" kuwa ya ɓoye wahalar ƙaf, ba a ganin ɗinki a rigarsa, shi ya sa ba ya ba da dariya, sai dai ya sa a yi hattara. Haka nan ya kamata a raba ta da "packaging" ta Turancin Nijeriya, wadda matasan Hausawa na Abuja ke tsarmawa a hirarsu. Wannan tana nufin ba komai a cikin ƙunshin: motar aro, babbar riga ta bashi, da katin shaida mai sunan kamfanin da ba shi da ofis. Hausarta ita ce "ƙarya" kamar a "ɗan ƙarya" da "rayuwar ƙarya", ko kuma karin maganar nan ta fankam fankam ba shi ne kilishi ba. Ita kuwa kalmarmu ba ta ce ba kilishi ba. Cewa ta yi yajin ya yi yawa har ba a iya tantance naman.

A nan ne nake ganin ya kamata mai fassara ya daina neman sifa, ya dubi ginin jimla. Hausa tana da wasu 'yan ƙananan kalmomi, fa da dai da kam da kuwa da ma da kuma, waɗanda Newman (2000) ya yi bayaninsu, Schmaling kuma ta yi musu nazari na musamman da Jamusanci ƙarƙashin sunan da ya dace da su, wato gishirin Hausa. Idan aka ɗauko abin yabon aka gabatar da shi a farkon jimla, aka bi shi da "kam" ko "dai", to an yarda da shi, an kuma bar ƙofa a buɗe ga wata "amma" da ba a furta ba. A duba:

(2) a. Ya iya magana.
b. Magana kam, ya iya ta.

Jimla ta (a) yabo ce. Jimla ta (b) kuwa duk Bahaushen da ya ji ta zai jira saura, in kuma ba a faɗi sauran ba zai cike da kansa. Ba a zargi kowa da komai ba, ba abin kai wa kotu, amma shakkar ta isa inda aka aike ta. Wannan shi ne ainihin aikin da "slick" ke yi a Ingilishi. Bisa haka, ga yadda za a iya juya jimla ta (1):

(3) a. Tsari kam, yaƙin neman zaɓen jam'iyyar ya tsaru.
b. Yaƙin neman zaɓen jam'iyyar dai ya sha kwalliya.

Ta (b) ta fi ƙarfi kaɗan, domin da an ambaci kwalliya a irin wannan muhalli, zuciyar mai sauraro za ta tafi ga tambayar ko ta biya kuɗin sabulu. Wani zai ce wannan salon hira ne, bai dace da labaran rediyo ba. Amsata ita ce, Hausar labarai ta daɗe tana zubar da waɗannan ƙananan kalmomi saboda ba su da takwarori a rubutun Turancin da ake fassarawa, har kunnenmu ya saba da Hausa lami ya ɗauka ita ce ta ilimi. Irin wannan sabo ne ya sa yau ake jin "ba duk abin da ke ƙyalli ne zinariya ba" a bakin masu jawabi kamar karin maganar kaka da kakanni, alhali kyan ɗan maciji na nan ba wanda ya taɓa.

6.0 Giɓi a Nazarin Salo

Matsalar ba ta tsaya ga ɗakin labarai ba, ta biyo mu har aji. Muna koya wa ɗalibai miƙaƙƙen salo da salo mai armashi da ragon salo, amma idan aka kawo mana rubutun da ba kuskure a cikinsa, jimlolinsa sun daidaita, kalmominsa zaɓaɓɓu, kuma aka gama karantawa ba abin da ya maƙale a zuciya, sai mu rasa sunan da za mu kira shi. Ba rago ba ne, domin an yi aiki. Ba kuma mai armashi ba ne. Irin wannan rubutu ya ƙaru a kundayen ɗalibai tun da manhajojin fassara da na rubutu suka shigo hannun kowa, Google Translate ma tun 2013 ta fara karɓar Hausa.

Larabawa sun daɗe da tanadin kalmomi a wannan fage. Ibn Ƙutaiba ya raba mawaƙa zuwa wanda waƙa ke zo masa bisa ɗabi'a da wanda ke kallafa wa kansa ita. Asma'i ya kira Zuhairu da Huɗai'a da ire-irensu bayin waƙa, saboda yawan komawa kan baiti ana gyara, har akan ce Zuhairu kan shekara yana tace ƙasida guda. A zamanin nan kuma Shauƙi Daif ya bi tarihin waƙar Larabci ta matakai uku: sana'a, da ƙawatawa, da kuma ƙaƙale. Malamanmu na zaure sun san "takallufi" sarai, kuma "ƙaƙalallen salo" zai iya zama Hausarsa. Amma kamar yadda aka nuna a baya, wannan sunan rubutun da guminsa ya fito ne. Wanda ya shanye guminsa fa?

Shawarata ita ce a koma wa masu bugu. A garin Kura ta jihar Kano, bayan an rina tufa, akan ɗora ta a kan gungume a yi ta dukan ta da mabugi ana ƙara mata shuni har ta ɗauki sheƙi kamar ƙarfe. Daga wannan sana'a Hausa ta sami "shafa wa labari shuni". "Salo mai sheƙi" zai iya ɗaukar ma'anar da muke nema, domin sheƙi a saman tufa yake zama, kuma ba ya gaya wa mai saye komai game da ingancin saƙar da ke ƙasa. Ya fi "ƙyalƙyal banza" dacewa da aikin nazari, domin waccan ta riga ta yanke hukunci cewa ba komai a ciki, alhali manazarci na buƙatar sunan da zai kira abin da shi kafin ya kwance zaren ya gani.

Akwai ƙalubale guda da za a iya yi wa wannan shawara, kuma mai ƙarfi ne. A wurin Bahaushe sheƙi ba aibi ba ne. Buzayen da ke sayen rawanin ɗan Kura saboda sheƙin suke biyan kuɗi mai yawa, shunin da ke zuba a fatarsu ma abin so ne a gare su. Ke nan ɗalibi zai iya jin "salo mai sheƙi" ya ɗauka yabo ne. Sai dai wannan shi ne halin kalmar Ingilishin ma, wadda har yau matashi a Landan kan faɗe ta yana yabon wasan ƙwallo, dattijo kuma ya faɗe ta yana kushe ɗan siyasa. Idan aka samo mata madadin da ba ya iya zama yabo ko kaɗan, to ba ita aka fassara ba.